Fuɗun da Ummulkulsum Ta Shayar

Ni ban so shiga maganar ga ba, gwiwoyina ne shaida. To amma tsohuwar da mijinta ya rasu, ba ta da goyo, ba ta da ko akuya, kunnenta kuma ras yake, ina za ta kai kanta idan dangi sun rikice? Ko ban je ba za a zo a same ni.

Shekarar da ta bi bayan an yanka mana jihar Sakkwato ce, lokacin da kuɗin mai sunka sa kowane ɗan aikin gwamnati ya sayi babur da rediyo mai cin kaset. Dawuda jikan yayata ne, Allah ya ji ƙanta, saboda haka mijina nake ce masa. Malamin lissafi ne a nan Tambuwal. An taɓa tura shi kwas ya koyo wani abu wai shi sabon lissafi, wanda ba a fara shi da ɗaya da ɗaya biyu, sai dai a zana zobe a allo a zuba abubuwa a ciki, a ce wannan tari ne, a yi ta tambayar wa ke ciki wa ke waje. Bai gama kwance jakarsa ba gwamnati ta faɗa a rediyo cewa a daina koya wa yara shi, a koma na da. Abin ya tsaya masa a wuya. Da ya rasa 'yan makarantar da zai juye wa, sai ya juyo kanmu. Ka ce masa kowa ya ci tuwo, ya ce kowa cikin su wa. Ka ce akwai mutum goma a zaure, ya ce goma cif, ko goma ne waɗanda idonka ya gani. Mun gaji da shi, shi ma ya gaji da mu.

Ya kai talatin bai yi aure ba, har mun fara neman masa rubutu a ɓoye. Sai ga shi ya ga Ni'imatu, ɗiyar baffansa da ke Kebbe, ita ma malamar makaranta ce cikin waɗanda anka ɗiba da yawa a lokacin. Tana son shi, yana son ta. An kai goro, an kai gaisuwar iyaye, saura sa rana. Kowa na cewa tuwona maina.

Sai Tambaya ta buɗe baki.

Tambaya gwaggonsu ce su biyun, ƙanwar ubanninsu, a Kebbe take zaune. Ni da ita ba mu cika shiri ba, don sana'armu ɗaya, kai-komon magana, kuma ta fi ni saurin ƙafa. Ga abin da ta tono. Fatsuma uwar Dawuda da Ummulkulsum uwar Ni'imatu wa da ƙane sunka aura, gida ɗaya sunka zauna shekara da shekaru kafin ƙanen ya kwashe iyalinsa ya koma Kebbe. Fatsuma mai ɗaukewar nono ce, Ummul kuwa kamar saniyar damina. Duk dangi sun san Ummul ta taimaka mata da shayarwa, amma ba wanda ya taɓa zama ya tambayi wa da wa. Ummul ta rasu tuni. Tambaya ta rantse ta ji ta da kunnenta a wani taron suna tana cewa, "Fuɗu na shayar cikin ɗiyan Fatsuma." Ita ma Fatsuma an sha jin ta tana cewa ɗiyanta duk sun sha nonon Ummul. Wanda ya sha nonon mace kuwa ya zama ɗanta, ɗiyarta ta zama ƙanwarsa, babu aure tsakaninsu har abada.

Lokacin da anka yi wannan goyon ina Jabo gidan miji, sai biki ke kawo ni Tambuwal. Da na san wani abu da na faɗa ko ba a tambaye ni ba.

Dawuda ya same ni da hantsi ina ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Ya jingine babur, ya yi sallama da murya kamar ta wanda ya kwana da zazzaɓi.

"Mijina, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Kaka."

"To gyara fuskar, kada a ce ni ce ba na ba ka tuwo."

Ya zauna bakin tabarma, ya sa hannu a ƙwaryata ba tare da ya roƙa ba, ya jera gyaɗa biyar a ƙasa.

"Ga mu nan. Ni, Sambo, Abdu, Fadima, Namadi. Namadi bayan su Baffa sun tashi anka haife shi, Inna Ummul ko goya shi ba ta yi ba." Ya ture ta ƙarshe gefe. "Gwaggo ta ce saura fuɗu, Inna Ummul kuma fuɗu ta ce. Wai magana ta ƙare."

"To ba ta ƙare ba? Ni ajin yaƙi da jahilci kawai na shiga, shi ma don malamin kyakkyawa ne, amma na san biyar a cire ɗaya fuɗu ne."

Ya tsinci tsakuwa fuɗu ya ajiye kowace a gaban gyaɗa guda.

"Waɗannan nawa?"

"Fuɗu."

"Waɗannan fa?"

"Kai, ban makance ba tukuna."

"Yawansu ɗaya, kowace gyaɗa ga tsakuwarta, ba wadda ta yi saura. To ɗauki tsakuwar ki ci."

"Don ka ga bayan haƙoran da sunka rage mini."

"Shi ke nan abin da nake faɗi. Fuɗu yana gaya miki nawa ne, ba ya gaya miki su wa ne. Tari biyu na iya zuwa daidai a yawa alhali mutanen ciki daban. Fuɗun Gwaggo da fuɗun Inna Ummul sun yi daidai a ƙirga. Wa ya ce su ne su?"

"In ba kai ba ne na fuɗun, wa ne? Aljani?"

"Shi na zo tambayarki. Tsakanina da Sambo akwai rata mai yawa. Adda ba ta haihu a tsakani ba?"

Adda yake ce wa uwarsa, kamar wata yayarsa, don ɗan fari ne. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarsa. Ana yaye Dawuda yayata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Fatsuma kuwa ta fi kowa riƙon wannan kunya. Ka tambaye ta ɗiyanta nawa, daga Sambo take farawa.

Na ajiye ƙwaryar. Sai wani taron suna ya faɗo mini a rai, wanda na zo daga Jabo a kan jaki cikin ruwan sama. Mace ce anka haifa. Na ci naman sunan, na koma, ban sake zuwa ba sai na ji an ce yarinyar ta koma. Daga ranar ban ƙara jin an ambace ta ba, har ni mai ambaton abin da bai kamata ba na manta da ita.

Na gaya masa. Ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya sa tsakanin ta farko da ta biyu, ya daɗe yana kallonta.

"Shida ke nan," ya ce. "Waɗanda ake gani biyar, waɗanda ta haifa shida. Gwaggo daga tarin da ake gani ta cire."

"Ita Addar taka da ta ce duk fa?"

"Kin taɓa jin Adda ta sa ni cikin duk? Kuma ai Namadi ma ya ɓata duk ɗin nata, tun da shi bai sha ba. Magana ce ta hira, ba a gina aure a kanta, ba a kuma rushe shi."

"To tashi ka je ka tambaye ta, ga gidan can."

Ya yi wata dariya marar daɗi. Ni ma na san amsar. In ya shiga da wannan magana, mayafinta za ta ja ta fita ta bar masa ɗakin.

Haka na tsinci kaina a bayan babur zuwa Kebbe cikin tsakiyar bazara, ina riƙe da rigarsa da hannu biyu. Ana ta cewa kuɗi sun yi yawa a ƙasa har ba a san yadda za a yi da su ba, amma ba su biyo ta wannan hanyar ba. Rami ya karɓe mu ya miƙa wa rami. Duk addu'ar da na sani na karanta, da ta ƙare na koma zagin wanda ya ƙera babur. Da munka isa sai da mata biyu sunka sauke ni kamar buhun gero.

Ni'imatu ce ta kawo mini ruwa a ɗakin Tambaya. Ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi tashi.

"Ke kuma mi ya cinye ki? Ko albashin ne ba ya isa?"

"Kaka, ni dai a gaya mini ko mi ne ne. In yayana ne, in san irin gaisuwar da zan yi masa. Yanzu da na ji ƙarar babur ɗinsa na gudu ɗaki, kuma ban san kunyar wa nika ji ba."

Na kama hannunta na tashe ta.

Bayan azahar anka taru a zauren Malam Hassan, limamin unguwarsu, wanda uban Ni'imatu ya danƙa wa maganar. Ni da Tambaya muna daga bakin ƙofar cikin gida. Uban yana gefe yana jan carbi, ya ce shi bai san komai ba, harkar goyo ta mata ce, shi dai ya san ana haihuwa yana yanka rago.

Dawuda ya maimaita bayaninsa, wannan karon da dabinon Malam. Tambaya ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"Malam, kana jin abin da boko ke yi wa yaro? Ya rasa mai tsaya masa cikin masu rai, ya je ya tono jaririya daga kabari ya sa ta gabansa."

"Gwaggo, ban ce ita ce ba. Cewa na yi ban sani ba, ke ma ba ki sani ba."

"Ni na ji da kunnena."

"Kin ji fuɗu. Kin ji sunaye?"

"Wa ke kiran sunaye ana tsakiyar rabon waina?"

Malam Hassan ya ɗaga hannu. Tsoho ne mai magana a hankali, kamar yana tsoron kada kalma ta zube.

"Tambaya ba ta yi laifi ba da ta faɗa, gara yanzu da bayan an haihu. Malam Dawuda kuma bai yi ƙarya ba, adadi ba suna ba ne. Wadda ta yi maganar ta riga mu gidan gaskiya. Mutum ɗaya ta rage da ta san abin da ya faru a gidan nan. Ku biyun nan ku je ku ji daga bakinta, ku dawo mini da abin da ta ce, ba abin da kunka fahimta ba." Ya ɗan dube mu, ni da Tambaya, kamar ya san da wa yake magana. "In an samu magana tsayayya, a sa rana. In ba a samu ba, ni shawarata a haƙura. Mata ba su ƙare ba, maza ba su ƙare ba."

Uban Ni'imatu ya ce haka ne, in ba a samu ba zai mayar da kayan gaisuwa. Dawuda ya tattara dabinon ya mayar a faranti ɗaya bayan ɗaya.

Na ce ko za a yanka ni ba zan sake hawa babur ba. Washegari ni da Tambaya munka shiga a-kori-kura, tsakanin buhunan shinkafa da kwandunan busasshen kifi. Tun daga tasha take ba ni labarin matar wani ɗan kwangila da ta sayi firji alhali babu lantarki a garin, tana ajiye zannuwa a ciki. Na riga na ji labarin, har na fi ta sanin launin zannuwan, amma ƙarfin gyara mata babu. Mun isa Tambuwal muna warin kifi, kuliyoyin unguwa na bin mu.

Fatsuma na tsakar gida tana tankaɗe. Mace ce doguwa marar yawan magana, tun rasuwar mijinta ta ƙara shiru. Da ta gan mu tare, ni da Tambaya, ta san ba alheri ya haɗa mu ba. Ta shimfiɗa mana tabarma a ɗaki, ta kawo fura. Dawuda ya riga mu isowa, ya tsaya a waje jikin bangon ɗakin, wajen taga, inda zai ji ba a gan shi ba. Ta ga babur ɗin a zaure, ta yi kamar ba ta gani ba.

Munka yi gaisuwa har ta ƙare, munka sake wata. Tambaya ta buɗe baki za ta fara, na taka mata ƙafa. Na kwance bakin zanena na fito da gyaɗa shida, yadda Dawuda ya koya mini a ƙofar ɗakina, na jera su a gaban Fatsuma.

"Fatsuma, ban ce ki kira sunan kowa ba. Ga haihuwarki nan bi da bi, daga ta farko har auta. Waɗanda Ummul ta ba nono, ture mini su gefe."

Ta dubi gyaɗar. Na ga idonta ya ƙirga, ya kai shida, ya dawo ya tsaya a kan ta biyu.

"Inna, wa ya tuna miki da ita?"

"Tsufa. Yana ɓatar da na jiya ya kawo na shekaran jiya."

Ta miƙa yatsa ta ture ta biyu.

"A kanta nonon ya fara ɗaukewa," ta ce. "Ummul ta yi iyakar yinta. Kwananta ne ya ƙare."

Ta ture ta uku, ta fuɗu, ta biyar. Ta janye hannunta ta sa a cinya. Ta farko da ta ƙarshe na nan inda na ajiye su.

Na dubi Tambaya. "Ƙirga da kyau, ke mai kunne."

"Fuɗu," ta ce, kamar an ba ta maɗaci. "To, alhamdu lillahi. Ni dama ba mugunta ta sa ni ba."

Na fara gyara murya zan yi guɗa, ko da yake guɗata yanzu ta fi kama da kukan zabuwa. Sai munka ji murya ta taga.

"Kaka, bai isa ba."

Na ce, "Mi ne ne bai isa ba? Ka samu fuɗunka, ba ka ciki. Tafi ka sayo goro."

"An gano fuɗun da Inna Ummul ke nufi. Amma cewa ta yi ta shayar da fuɗu, ba ta ce fuɗu kaɗai ba. Kuma a taron suna ta faɗa, Adda na zaune. Wace mace ce za ta ƙirga wa 'yar'uwarta ɗan fari a gaban jama'a? Ko ta shayar da ni, fuɗu za ta ce." Ya ƙara da cewa, "Yanzu ma ta farkon ba a taɓa ta ba. Ban sani ba, ko don ban sha ba ne, ko don ba a taɓa ta dama."

Wallahi da ina da ƙarfi da na fita na rufe shi da duka. Mun sha rana, mun sha rami, an ba shi abin da yake so a hannu, shi da kansa ya sa ƙafa ya ture.

"Kai wane irin mutum ne? Wa ya tambaye ka? Tambaya ma ta yarda."

"Malam cewa ya yi a kai masa abin da anka ce. Ba a ce komai a kaina ba tukuna. In na ɗauki shiru na mai da shi a'a, ni zan zauna da yarinyar nan shekara da shekaru ina tunani." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na gaji, Kaka. In ita ce amsar a ba ni, in ɗayar ce a ba ni."

Tambaya ta gyara zama, ranta ya dawo. "Yaron ga ya fi mu gaskiya. Fatsuma, kin ji. Mu duka mun yi goyon fari, mun san yadda ake yi. Yaro na kuka kina kallon bango, wanda ya ga dama ya ɗauka. Ni nawa har yau ban san bakin mata nawa ya shiga hannunsu ba. In ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ba abin kunya ba ne."

Nan ne wurin ya tsaya. In Fatsuma ta ce ba ta sani ba, ta fita da mutuncinta cikakke, ta zama irin matar da ake misali da ita, auren kuma ya mutu. Na dube ta na ga ta san haka sarai. Ta dubi Tambaya, ta dube ni, bakuna biyu da ba a taɓa ajiye magana a cikinsu ta kwana ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wa tagar baya.

"Na sani," ta ce.

Ta ci gaba, bayanta na wajen tagar.

"Da na dawo daga wankan gida, Ummul na da goyo ita ma. Wata rana ina daka, yaron na kwance a inuwar rumbu yana kuka. Na yi kamar ban ji ba, yadda anka koya mini. Ummul ta fito ta ɗauke shi, ta zauna, ta fara sassauta zane." Ta ƙara jan mayafinta. "Ban san lokacin da na yar da taɓarya ba. Na fizge shi daga hannunta. Na ce mata nawa ne, kada ta ƙara."

Tambaya ta riƙe haɓa. "Ke Fatsuma? Ɗan fari?"

"Ni. Ta ce mini marar kunya, ta kuma yi rantsuwa ko zai shiɗe da kuka ba za ta sake ɗaukarsa ba. Mun daɗe ba mu magana. Ba ta karya rantsuwar ba har anka yaye shi, kuma ba ta tona ni ba har ta mutu. Da nonon ya ɗauke a kan ta biyun, ni na je na durƙusa mata." Ta sa yatsa a kan gyaɗar farko, ba ta ture ta ba, ta dai danne ta. "Wannan bai sha na kowa ba sai nawa. Ba na kallonsa in ana kallona. In ba a kallona, ban taɓa ɗauke ido daga kansa ba."

Daga wajen taga sai munka ji takun ƙafa, a hankali, ya nufi zaure. Babur ɗin bai tashi ba. Da na leƙa daga baya na same shi zaune a dakalin zaure ya haɗa kai da gwiwa, hularsa a ƙasa. Na tsaya a kansa.

"To, malamin lissafi, wannan ta isa ko a ƙaro?"

Bai ɗago ba. "Ta isa."

"Ba ka da wata tambayar? Kowa cikin su wa?"

"Kaka, don Allah ki bar ni."

Na bar shi. Na koma cikin gida na tarar Fatsuma ta koma kan tankaɗenta kamar ba abin da ya faru, sai dai garin na zuba a gefen faifai ba ta lura ba. Ba ta dube ni ba ta ce, "Inna, na san kafin la'asar garin ga duk ya ji."

Na ce mata haba, sai ka ce ba ta san ni ba. Ta ce ai don ta san ni ne.

Tambaya ce ta koma Kebbe da maganar, ni na ce gwiwoyina sun yi murabus. Malam Hassan ya ƙi karɓa daga baki ɗaya, ya ce mu biyu ya aika. Haka anka sake loda ni a motar kifi. Na faɗa masa kalma bayan kalma, ban ƙara gishiri ba, abin da ya fi tafiyar wahala a gare ni. Ya saurara, ya tambayi Tambaya ko haka ne, ta ce haka ne. Ya ce a sa rana.

Na riƙe maganar taɓaryar nan har bayan ɗaurin aure, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne. Tambaya ce ta riga ni, tun a mota ta fara.

Ranar da za a kawo amarya, gida ya cika da 'yan Kebbe, na nemi Fatsuma sama da ƙasa ban gan ta ba. Fadima ta ce mini tun da sassafe ta tafi Sanyinna gidan ƙanenta, wai ba za ta zauna a yi bikin wancan yaron tana gida ba, sai an watse za ta dawo. Na samu wuri a inuwa na miƙe ƙafafuna, na ce a kawo mini nawa tuwon nan.